Ciwon da ba ya shiga rajista: tarihin kula da lafiyar masu sana'a a ƙasar Magarya

Bara, farkon watan Oktoba, ba a jima da komawa lakwal ba, wani yaro a ajina a nan Sassumbrum ya yi kwana uku bai zo ba. Da ya dawo idanunsa jajur, yana kukan ciwon kai da tashin zuciya. Mahaifinsa ya ce an kai shi ɗakin shan magani, an ba shi maganin zazzaɓi. Sai da na zaunar da yaron muka yi hira na gane yini biyu ya yi goye da famfon feshi a gonar wake, ba takalmi, ba abin rufe hanci, kuma da hannunsa yake dama maganin. Ba wanda ya tambaye shi aikin da ya yi kafin ya kwanta. A rajista dai ciwonsa zazzaɓi ne.

Wannan ya sa na koma bin tarihi, in ga yaushe aka fara ɗaukar ciwon da sana'a ke jawowa da muhimmanci, kuma ciwon wa ake rubutawa.

A shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a. Ya bi maƙera da majema da masu haƙar ma'adinai har wuraren aikinsu, sannan ya shawarci likitoci su riƙa tambayar mara lafiya sana'arsa. Shekaru fiye da 300 ke nan, amma tambayar ba ta iso ga yaron ajina ba.

Mu a nan, abin ya faro ne daga inda ba a ma ɗauki leburan a bakin kome ba. Zamanin Faransa, lokacin da Damagaram ke hedikwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926, ana kwasar mutane aikin tilas: dakon kaya, gyaran hanya, ginin bariki. Kakanninmu da yawa sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Daura da Kazaure don gudun wannan wahala da haraji. Sai a watan Afrilun 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A watan Disamban 1952 aka kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulka. Bayan samun ƴanci kuma, a 1965, Nijar ta kafa asusun CNSS, wanda cikin ayyukansa akwai biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a wurin aiki.

Ci gaba ne, ba musu. To amma a lura da wanda dokokin nan suka sani: mai albashi, mai takardar ɗaukar aiki, mai lamba. Ni malamin makaranta gwamnati ta san da ni. Mahaifina da ya ƙare rayuwarsa a gona ba ta san da bayansa da ya ranƙwafe ba.

Zamanin gyaɗa ya nuna haka ƙarara. Ƙasar Magarya da Dungas da Matamai na cikin wuraren da suka riƙe tattalin arzikin Nijar da gyaɗa, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962. An san tan nawa aka saya kowace kaka, an san farashi, an san motar da ta ɗauka. Manomin da ya shaƙi ƙurar ɓarza da mai dakon da ya yini yana ɗora buhu a ka, su ba su da shafi a littafin. Da farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka durƙusar da harkar, asarar kuɗi aka lissafa.

Ko inda akwai albashi da asibitin kamfani, sai da aka matsa kafin a duba. A Arlit an fara fitar da uraniyum a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978. Sai a 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo yin awo, da haɗin kan ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin, kuma sai a 2011 aka kafa cibiyar bin lafiyar tsofaffin ma'aikatan haƙar. Shekara 40 tsakanin fara aiki da fara bin sawun masu aikin.

Inda babu kamfani kuwa, mutuwa ce ke jawo masu bincike. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara wajen 400 sun rasu da gubar dalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Likitocin MSF ne suka tona abin. A watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka halaka. Samarinmu da ke tafiya Jado tun 2014 irin wannan aiki suke yi, wasu su dawo da tarin da ba ya jin magani.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A Iran jami'o'in likitanci na fitar da mujallun lafiyar ma'aikata da harshen Farisanci, kamar Salamate Kare Iran da ke fitowa a Tehran. Suna rubutu kan ƙarar injuna, zafi, ƙura, gubar sinadarai da ciwon gaɓoɓi. Abin da ya fi burge ni shi ne masanansu sun shiga ɗakunan masu saƙar darduma, galibinsu mata masu aiki a gida, suka auna ciwon wuya da kafaɗa da baya, har suka gwada sabon wurin zama da tsayin masaƙa. Sun ɗauki sana'ar gida a matsayin aiki, kuma sun rubuta da harshen da jami'in lafiya na ƙasarsu ke karantawa.

Mu ma mun ga amfanin bincike idan ya dubi talaka. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda masanan INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka tun wajen 2007, yana kashe ƙwari ba tare da an zuba guba ba. Duk gidan da ya rungume shi ya huta da barbaɗa magani a abin da zai ci.

Da za a tambaye ni abin da ɗaliban lafiya na jami'ar Damagaram za su fara dubawa, uku zan lissafa. Na farko maganin feshi da piya-piya da ake sayarwa a kasuwanninmu cikin kwalabe marasa rubutu. Na biyu yaran da ke sayar da fetur a bakin hanya, suna zuƙo shi da tiyo a baki. Na uku matan da ke yini a hayaƙin murhu wajen tuya da suyar ƙuli-ƙuli. Ba ɗayansu da ke da lambar CNSS.

Kafin masana su iso, akwai abin da ke hannunmu. Iyaye, kada a ba yaro famfon feshi, kada a zuba ruwan sha a jarkar magani. In an kai mara lafiya asibiti, a faɗa wa likita aikin da ya yi, ko bai tambaya ba, a tafi masa da kwalbar maganin. Ƴan uwana malamai kuwa, ni na ƙara layi ɗaya a littafin kiran suna: duk yaron da ya yi fashi saboda ciwo, ina rubuta aikin da ya yi kafin ya kwanta. Ƙarshen shekara zan kai wa shugaban ɗakin shan maganinmu mu duba tare. Da makarantun Magarya da Dungas za su yi haka, da mai bincike ya sami inda zai fara.