Need for Speed da Rigimar Asali

Duk lokacin da kamfanin Electronic Arts, wanda aka fi sani da EA, ya fitar da sabon Need for Speed, kukan da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: an ɓata wasan, an bar asali, a dawo mana da abinmu. An yi wannan kuka a 2007, an yi shi a 2012, an sake yi a 2022. Sai dai da wuya masu kukan su tsaya su faɗi wane asalin suke nufi, domin in aka bi tarihin wannan wasan tseren motoci tun daga 1994, za a tarar ya sauya kama sau da yawa, kuma siffar da aka fi ƙauna a yau ita kanta juyin mulki aka yi wa wadda ta gabace ta. Sauya hanya bai taɓa zama ciwon Need for Speed ba. Abin da ya raunata shi garaje ne, da liƙa suna ɗaya a kan haja daban-daban, da kwaɗayin tatsar mai saye bayan ya riga ya biya.

Wasan farko ya fito a 1994 a na'urar 3DO, daga reshen EA na Kanada, tare da haɗin gwiwar mujallar motoci ta Road & Track. Motocin da ke cikinsa irin waɗanda talaka sai dai ya gani a hoto ne: Lamborghini Diablo, Ferrari 512TR, Dodge Viper, Porsche 911. Ana tuƙi da rana a kan doguwar hanya ta bakin teku ko ta cikin duwatsu, ɗan sanda na iya biyo ka ya ba ka takardar tara. Wannan ne tushen, kuma a kansa aka gina Hot Pursuit na 1998, wanda ya mai da gudun tsere wa 'yan sanda ya zama zuciyar wasan. Ko a wancan zamani ma ba a zauna wuri guda ba, don na 1997 ba shi da 'yan sanda sam, na 2000 kuwa motocin Porsche kaɗai aka zuba a ciki.

Babbar girgiza ta zo a ƙarshen 2003. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya sa matasan Amurka da Turai sun haukace da ƙananan motocin Japan da ake yi wa kwaskwarima, sai Black Box, wani kamfani na Bankuba da EA ta saya a 2002, ya fito da Underground. Ferrari ta ɓace, 'yan sanda suka ɓace, rana ma ta ɓace, kome cikin dare ake yi a titunan birni. A madadinsu aka kawo Honda Civic da Nissan Skyline da Mitsubishi Eclipse, har da Fijo 206, aka ba mai wasa damar sauya tayoyi da bamba, ya sa wa ƙarƙashin motarsa fitilu masu launi. Ga wanda ya taso da Diablo, wannan cin amana ne, kuma akwai tsofaffin masoya da suka yi gunaguni. Amma kasuwa ta rufe musu baki, wasan ya sayu miliyoyi. Underground 2 ya buɗe birnin Bayview a 2004, sannan Most Wanted na 2005 ya haɗa kwaskwarimar da 'yan sanda wuri guda, da jerin mutum 15 da sai ka kayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin ka ƙwato BMW M3 GTR ɗinka daga hannun Razor, na farko a jerin. An ƙiyasta ya sayar da kwafi kusan miliyan 16. Yawancin masu cewa a koma asali a yau, waɗannan shekaru uku suke nufi, wato shekara tara zuwa sha ɗaya bayan haihuwar wasan.

Da ProStreet ya fito a 2007, aka mai da tseren cikin filaye na halal, babu birni babu ɗan sanda, kuma mota na lalacewa in ta yi karo. Masoya suka tayar da jijiyar wuya. EA ta ji, ta dawo musu da duk abin da suka nema a Undercover na 2008: buɗaɗɗen birni, jiniya, labari irin na fim. Da a ce barin asali ne cutar, da Undercover ya zama magani. Sai ga shi ya fi ProStreet shan suka, saboda tangarɗa da rashin kammala aiki. Dalilin a fili yake. Daga 2002 zuwa 2008 Black Box ya fitar da wasan Need for Speed bakwai a shekara bakwai, kuma shugaban EA na lokacin, John Riccitiello, ya amsa da bakinsa a 2010 cewa an gallaza wa ma'aikatan Bankuba da aikin shekara-shekara har inganci ya faɗi. Sauri ya haifi nawa. Abin dariya kuma, ProStreet ɗin da aka tsine wa, yau yana da masu kare shi da yawa a cikin masoya, suna yabon zanensa da sautin injinansa.

Mai karatu zai iya cewa to ai magana ta ƙare, duk kukan nan kewar ƙuruciya ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, don yaron da ya fara riƙe sitiyarin PlayStation 2 da Most Wanted ba zai taɓa samun wasan da zai mayar da shi shekara goma sha biyu ba. Amma a tattara kome a jingina wa kewa rashin adalci ne. A duba abin da ya faru a 2012. Kamfanin Criterion na garin Gilfod a Ingila, wanda ya yi suna da Burnout, ya farfaɗo da Hot Pursuit a 2010 kuma aka yaba, domin sunan ya dace da abin da ke ciki: manyan motoci da farautar 'yan sanda. Shekara biyu bayan haka sai ya fitar da wasa mai suna Most Wanted, amma babu labari, babu Razor, babu ƙawata jikin mota. Masu sharhi sun ba shi maki mai kyau, masoya kuwa suka ce Burnout Paradise ne aka sa wa rigar aro. Duka biyun sun yi daidai. Wasan yana da kyau, sunan ne ya yi alƙawarin da bai cika ba, kuma wanda ya biya kuɗinsa saboda suna yana da hakkin ya yi fushi.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne a zamanin Ghost Games na Gotenbag a Suwidin. Bayan hutun shekara guda, wasan 2015 ya dawo da dare da kwaskwarima, kusan duk abin da 'yan Underground suka shekara goma suna roƙo. Amma an ɗaure shi da intanet, ko kai kaɗai kake wasa sai da haɗi, ba ka ma iya dakatar da tsere ka amsa sallama. Payback na Nuwamban 2017 ya ƙara gishiri a ciwon: ƙarfin mota ya koma kan wasu katuna da ake samu bisa sa'a, ga kuma akwatunan da ake saya da kuɗin gaske ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Ya faɗo a wata ɗaya da rikicin Star Wars Battlefront II, shi ma na EA, kan irin wannan tatsa, rikicin da ya kai ga hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana wasu akwatunan a matsayin caca a 2018. A nan fushin masoya ya yi aiki nan take. EA ta ƙara ladan da ake samu a Payback, sannan Heat na 2019 ya fito babu akwatunan kuma ana buga shi ba intanet. Ƙorafi kan salo kullum yana raba masoya gida biyu, kamar yadda aka gani da zanen katun na Unbound a Disamban 2022, wasu na tsaki wasu na tafi. Ƙorafi kan aljihu ne kaɗai ya haɗa kansu.

Akwai sauran ƙalubale guda. Wasan tseren motoci na Forza Horizon, wanda Playground Games ya fara a 2012, bai sauya tsarinsa ba sai ƙasa, daga Kolorado zuwa Ostireliya da Birtaniya da Meziko, kuma ya ƙwace kambun. Ashe wannan bai nuna tsayawa wuri ɗaya ne daidai ba? Abin da ya fi nunawa shi ne amfanin hannu ɗaya da isasshen lokaci, domin kamfani guda ne ke yin sa, kuma tsakanin fitowa da fitowa akwai shekara biyu ko fiye. Need for Speed kuwa ya bi ta hannun Black Box da Slightly Mad da Criterion da Ghost, ya sake komawa Criterion a 2020, kowanne ya zo da nasa tunanin, kuma babu wanda aka bari ya daɗe ya gyara kurensa. An rufe Black Box a 2013, an karɓe wasan daga Ghost watanni kaɗan bayan Heat, wanda shi ne mafi karɓuwa cikin ayyukansa na baya-bayan nan. A 2021 EA ta cire tsofaffin wasannin Need for Speed irin su Carbon da Undercover da Shift da The Run daga kasuwar intanet, sannan a farkon 2025 ta tabbatar da cewa ma'aikatan Criterion sun koma aikin Battlefield, an jingine Need for Speed zuwa wani lokaci.