Hayar keke kafin Vélib': abin da kalmomi ke shaidawa a ƙasar Magarya

Marubuta tarihin keken haya na birane sukan fara daga Amsterdam, inda ƴan ƙungiyar Provo suka ajiye fararen kekuna a titi a 1965, sa'an nan su biyo ta La Rochelle zuwa Vélib' na Paris (2007). Afirka ba ta shiga lissafinsu sai 2016, da Medina Bike na Marrakesh. Mu dai muna ganin wannan lissafi ya tsallake abin da ke gabanmu.

Mu ɗauki Dogo-Dogo, komin da ke bakin iyakar Najeriya, wadda take ƙarƙashin Magarya har 2011, lokacin da Dungas ta zama departama. Faransa ce ta mallaki wannan ƙasa, amma kalmomin sana'ar ba na Faransanci ba ne. « Keke » daga Yarabanci take; « haya » da « basukur » daga Ingilishi. Ke nan abin da sunansa ta kudu suka shigo, ta hanyar Kano da kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Ɓaɓura, ba ta Yamai ba. (Ɗalibanmu da ke cewa vélo a aji, keke suke cewa a gida.)

Tsarin kuwa sananne ne. Mai gyaran keke ya jera uku ko huɗu a gindin itace. Yaro ya biya ya yi zagaye, babba ya ɗauka ya ci kasuwa ya komo. Ba takarda, ba jingina. Abin da ke tsare keken shi ne mai shi ya san gidan da yaron ya fito. Nan ne Amsterdam ta kasa: kekunan da ba su da mai su ba su jima a titi ba, har sai da katin banki ya zo ya tsaya a madadin sanayya. Shi ma katin bai sa mai hawa ya ji kunyar kowa ba. Yasar da trotinet masu lantarki a hanyar ƴan ƙasa na cikin abin da ya sa Paris ta hana hayarsu a Satumba 2023, bayan ƙuri'ar Afrilu.

A wajenmu ba doka ta raunana sana'ar ba. Baburan Sin masu araha ne, daga shekarun 2000, suka mai da mai haya fasinja a bayan ɗan kabu-kabu: ya bar hayar abin hawa, ya koma hayar mai tuƙi.