Yadda Gurnani da Huci Suka Bar Rediyonmu

A watan Nuwamba na 1968 mujallar QST ta Amurka ta buga rubutun Wes Hayward da Dick Bingham kan wata dabara da aka daɗe da jinginewa: a ɗauko sigina daga eriya, a gauraya shi da na osileta, sauti ya fito kai tsaye. Mu masu haɗa rediyo da hannu abin ya yi mana daɗi, don ba ya cin taransista da yawa. Sai dai kusan duk ƙarfin da ake ƙara wa sigina a sashen sauti ake ƙara shi, ninkin ba ninki, kowane datti kuma tare yake ƙaruwa.

Duk wanda ya taɓa HW-7 ta kamfanin Heathkit, wadda ta fito a 1972, ya san zancen. Ka jona ta da wutar gida, gurnani ya tashi. Ka ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ka ji kamar an buga ƙwarya a kunnenka. Da dare kuma manyan tashoshin gajeren zango su kutso ba sallama. Wasu suka koma batir, wasu suka liƙa kafasita a kan kowace diyod ta na'urar ba da wuta, gurnanin ya lafa.

Sai amfilifayar sauti LM386 ta shigo, mai ƙafa takwas, ga araha. Da ita John Dillon ya yi rediyon Neophyte a 1988, haka Rabaran George Dobbs ya yi Sudden a Ingila. Kafasita ɗaya tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 kan ɗaga ƙarfinta daga ninki 20 zuwa 200, kowa kuwa ya ɗaga, kowa ya sha huci. Rasista da kafasita tsakanin ƙafa ta 8 da ta 5 na rage shi, amma a ganina wannan lallaɓa ce kawai.

Roy Lewallen ya nuna hanya tun 1980, Rick Campbell ya kai ta ƙarshe da rediyonsa R1 a Agustan 1992: ya sa wa bakin magaurayin nauyin om 50, ya bi shi da taransista marar hayaniya, ya tace sautin da kyau, sannan ya gina amfilifaya irin ta masu sauraren kiɗa. Aka gane ashe dabarar 1968 lafiyarta ƙalau, rowar da muke wa sashen sauti ce ta ɓata ta. A Janairun 1993 ya fito da R2, wadda ta kawar da siginan ɗaya gefen da ke biyo wanda ake saurara.