Doki Nawa Kogin Kaduna Ke Buƙata?

Wanda ya taso daga Kamazou ya bi titin Yakowa zuwa Unguwar Rimi zai ƙetare Kogin Kaduna cikin minti ɗaya ko biyu, wataƙila bai ko dube shi ba. Idan ya leƙa a watan Maris, duwatsu zai gani da tsibiran yashi, ruwa na ratsa tsakaninsu a hankali. A watan Agusta kuwa jan ruwa ne mai gudu, ɗauke da rassa da ganga-gangan itace. Mazauna unguwannin bakin kogi, irin su titin Kigo da Rafin Guza, ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. A irin waɗannan ranaku ne ake ganin kwale-kwalen roba, wanda ake hura wa iska, a hannun ma'aikatan agaji, da ɗan inji maƙale a bayansa. Duk hukuma ko ƙungiya ko mai gona a bakin ruwa da zai sayi irinsa, tambaya ɗaya ce ke jiransa a shago: inji mai doki nawa za a ɗaura masa? Mai sayarwa yakan nuna babba. Tarihin kogin da na injin kansa wata amsa suke bayarwa.

Tun farko, zurfin ruwa ne ke yanke hukunci a kogin nan. Lokacin da Lugga ya mayar da hedikwatar mulkin mallaka ta Arewa zuwa Zungeru a 1902, ya dogara ne da cewa jiragen tururi za su hauro daga Lokoja ta Kwara su shiga Kogin Kaduna. Da damina suna iya isowa har kusa da Wushishi. Da rani ruwa ya janye, sai su tsaya can ƙasa. Dole aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Barijuko, inda ruwa ke ɗaukar jirgi, don a kwaso kaya. Injin tururin yana da ƙarfi iya ƙarfi, amma kogin bai da wurin sa shi. Su kuwa Kede, matuƙan Nufawa da ke da cibiya a Muregi, daidai inda Kaduna ke faɗawa Kwara, da Sarkawan Kabi da Yawuri, rani da damina suna kan ruwa da filafili da gora. Jirginsu dogo ne siriri, marar nitso sosai, an sassaƙa shi daidai ƙarfin damtsen mutum. A cikin wannan tsari akwai wata iyaka da ba a rubuta ba: matuƙi ba zai ɗauki lodin da hannunsa ba zai iya turawa ba.

Shi kansa ma'aunin “ƙarfin doki” dabarar ciniki ce. James Watt ne ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18 don ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu a Ingila adadin dawakin da injinsa zai maye gurbinsu, kuma doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi kuwa, Ole Evinrude, ɗan asalin Norwe da ya girma a jihar Wisconsin ta Amurka, shi ne ya fara cin kasuwarsa daga 1909. Labarin da kamfanin ya daɗe yana bayarwa shi ne ya tuƙa jirgi da hannu cikin zafin rana don ya sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke. Ko labarin ya faru haka ko an yi masa gishiri, injin da ya fito da shi doki ɗaya da rabi ne kacal, nauyinsa kilo 28. Da wannan ɗan ƙarfin aka sauya harkar ƙananan jirage a duniya.

Nijeriya da maƙwabtanta sun fara ganin injin a jiragen masuntan bakin teku tun wajen shekarun 1950 da 1960, sannan ya hauro kogunan Arewa. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da injinsa na farko a 1960, mai doki 7, daga baya ya ƙera samfurin Enduro musamman don masunta da 'yan fito a ƙasashen da mai ba shi da tsabta kuma bakanike yana nesa. Kammala madatsar Kainji a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin da filafili ba zai iya da shi ba, haka ma Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Daga nan Yamaha mai 15 da mai 40 da mai 75 suka zama sunayen da kowane yaron bakin ruwa ya sani. Sai dai injin ya zo ne ya tarar da jirgin da ba don shi aka tsara ba. Aka yanke baya, aka buga katako, aka rataya.

A nan ne ilimin da William Froude ya fitar a Ingila a shekarun 1870 ke da amfani. Jirgin da ke keta ruwa yana tayar da igiya a gabansa, kuma yayin da gudunsa ke ƙaruwa igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin. Daga nan jirgin ya shiga rami tsakanin igiyarsa ta gaba da ta baya, kamar mai hawan tudun da shi yake tara ƙasarsa. Tsawon jirgi ne ke ƙayyade wannan iyaka. Kwale-kwalen roba mai mita 3 yana cin karo da ita a wajen kilomita 7 cikin awa, jirgin katako mai mita 12 kuwa sai a wajen kilomita 15, kuma sirantakarsa na ba shi ɗan rangwame. Kafin a kai iyakar, ƙarfi kaɗan ya isa. Doki biyu da rabi zuwa huɗu za su tura kwale-kwale mai mita 3 da mutum uku a ruwa kwance. Bayan iyakar, ƙarin mai ba ya sayen komai sai ƙara da igiya da ɗaga hanci, har sai an sami ƙarfin da zai fizge jirgin daga ramin ya hau saman ruwa yana sulɓi.

Saboda haka, a gaskiya zaɓi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai wurin asara. Ko dai a sayi ƙaramin inji a yarda da tafiyar hankali, ko a sayi wanda zai iya ɗaga jirgin da cikakken lodinsa. Doki 6 na iya ɗaga kwale-kwale mai mita 3 da mutum ɗaya marar nauyi. Mutum biyu ko uku sai doki 8 zuwa 10, wani lokaci 15 idan ƙirar jirgin ta yarda. Wanda ya sayi mai 6 yana ɗaukar mutum huɗu ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba.

Kwale-kwalen roba ma ba da inji aka fara shi ba. Kamfanin Zodiac na Faransa, wanda asalinsa balan-balan ɗin sama yake ƙerawa, ya fara gwada shi a 1934 ta hannun injiniyansa Pierre Debroutelle. A 1952 likita Alain Bombard ya ƙetare Tekun Atalantika shi kaɗai a cikin irinsa, daga tsibiran Kanari zuwa Babados, kwana 65, da ɗan tanti na kama iska, ba inji. Katakon baya da aka manne tsakanin bututun iska biyu shi ne ya ba da damar rataya inji, kuma shi ne raunin jirgin. Duk nauyin injin da duk turinsa a kan wannan katako da gam ɗinsa suke. Mai doki 15 da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yana kai kilo 36 zuwa 38, takwaransa da ba a haɗa masa yana kusan kilo 50, alhali jirgin gaba ɗaya bai fi kilo 40 ko 50 ba. Idan inji ya wuce ƙima, baya ya nitse, hanci ya tashi, matuƙi ya daina ganin gabansa, iska ko kwana mai kaifi na iya kifar da shi. A zafin Kaduna na watan Afrilu, gam yana saurin gajiya fiye da yadda yake yi a Turai.

Shi ya sa ake maƙala ɗan allo a katakon baya. Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar ƙananan jirage a 1971, Tarayyar Turai ta yi tata a 1994, kuma yau kusan duk kwale-kwalen roba na kirki yana zuwa da rubutaccen adadin mutane, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin inji. Lambar da ke kan allon rufi ce, ba a ce lallai sai an taɓa ta ba. Amma wanda zai yi aikin ceto a Kogin Kaduna da damina yana da hujjar matsawa kusa da ita. Lissafin mai sauƙi ne: jirgin da iyakar gudunsa kilomita 7 ne, idan ruwa na gangarowa da kilomita 6, saura ɗaya ya rage masa, ga kuma waɗanda aka tsamo sun ƙara nauyi. A nan ƙaramin inji haɗari ne kamar yadda babba yake. Mai duba gonar bakin ruwa ko mai kamun kifi a dam ba ya cikin wannan matsi.

Akwai kuma tsawon ƙafar injin, abin da masu saye suka fi mantawa. Gajera santimita 38 ce, doguwa 51, kuma yawancin ƙananan kwale-kwalen roba gajera suke so. Doguwar ƙafa a kogi mai duwatsu irin na Kaduna farfela take ci. Sai batun mai. Enduro mai 40 idan an buɗe masa wuta yana shan kusan lita 20 a awa, mai 15 kuwa wajen lita 7. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka janye tallafin fetur, ana iya kau da kai daga wannan bambanci. Yanzu kam shi ne ke yanke ko jirgi zai fita ko zai kwana a gaɓa.

Jirgin katako na gida ba shi da allo. Babu wanda ya rubuta masa adadin mutane ko iyakar doki, kuma injin ya kawar da tsohuwar iyakar damtse: mai 40 ko mai 75 zai tura lodin da matuƙa goma ba za su motsa ba, ko da bakin jirgin ya rage taƙi ɗaya ya sha ruwa. A Mayu 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nitse da mutane fiye da 150 a cikinsa. A Nuwamban wannan shekara, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yuni 2023, kusa da Patigi, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka halaka. Dalilan da aka bayyana a irin waɗannan haɗura su ne lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, da rashin rigunan kariya. Ba a cika ambaton inji ba, ko da yake shi ne ya sa lodin ya yiwu, shi ne kuma ke ƙayyade ƙarfin da jirgi zai daki kututture da shi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita ce ke da alhakin rajista da duba jirage, kuma ta fi mayar da hankali kan rigunan kariya da hana tafiyar dare. Wannan daidai ne, amma allo mai lambobi uku a bayan kowane jirgin fito bai kai kuɗin jarkar mai ɗaya ba, kuma fasinja mai karatu kaɗan ma zai iya ƙirga kawuna ya gwada da shi.

A ƙarƙashin gadar da ta haɗa Kamazou da Unguwar Rimi, watannin da inji ke da cikakken aiki ba su wuce huɗu ko biyar ba. Daga Disamba ruwa ke ja da baya, kuma kafin Maris mai doki 15 da mai doki 3 duk ɗaga su ake yi a kishingiɗe kan katakon baya, a ɗauko gora.