Ƙyallen 'Yan Matan Meksiko da Hular New Bell

A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wasu ƙyallaye da 'yan matan Meksiko suka ɗinka a ƙarni na 18 da na 19, waɗanda suke kira dechado. Yarinya kan koyi riƙon allura a gida, ko a makaranta irin Vizcaínas da aka buɗe a birnin Meksiko a 1767, sai ta jera duk ɗinkin da ta iya a ƙyalle guda da zaren siliki: furanni, tsuntsaye, barewa, haruffa, wani lokaci har da sunanta da shekara. Wanda ya ga wannan, ya waiwayi unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala, Kamaru, bai ga makamancinsa ba, yana iya cewa allurarmu ba ta da tarihi. Ni a ganina kuskure ne. Abin da ya raba mu da su shi ne inda aikin ɗan koyo yake nufa bayan an yanke zare.

Ƙyallen yarinyar Meksiko shaida ce ta tarbiyya, ana adana shi a akwati don a nuna. Aikin ɗan koyon Bahaushe kuwa kasuwa yake tafiya. Malami zai zana masa zayyana a kan farin yadi, ya zauna a zaure ko gindin bango yana cike hula, in ta ƙare a wanke, a buga, a sayar, kuɗin su zama abincinsa. Almajirai da yawa da haka suka riƙe kansu har suka sauke. Hannun da ya faɗa a hula shi ake ba aljihun babbar riga, daga nan ya kai ga aska biyu, aska takwas da tambari. Ba wanda ke sa suna, domin zanen ba na mutum ɗaya ba ne, gado ne. David Heathcote, wanda ya yi shekarun 1970 yana nazarin ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a jikin riguna da huluna da zanen masu zayyana ya karanto tarihin, kuma ya samu abin karantawa mai yawa.

Wannan sana'a ce ta biyo fatake zuwa Kamaru, ta Adamawa da Banyo har Fumban, inda Sarki Njoya na Bamun da fadawansa suka rungumi babbar riga da rawani. Da ta gangaro bakin teku sai ta tarar da wuri mai wuyar ajiya. New Bell kanta Jamusawa ne suka shata ta gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wouri. Shugaban mutanen, Rudolf Duala Manga Bell, da ya ja da Jamusawan, rataye shi suka yi ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransa unguwar ta zama matattarar baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, kamar yadda Lynn Schler ta bayyana a littafinta na 2008. Baƙo da ke zaune a ɗakin katako, yana lissafin ranar komawa Arewa, ba ya tara kayan tarihi. Ga ruwan sama da ke wuce milimita 3,500 a shekara, wanda ke sa tufa ta yi funfuna a cikin akwati. Ga tarzomar Mayun 1955, ga gobarar unguwar Congo ta Afrilun 1960. Ko da an ajiye ƙyalle irin na Meksikon, da wuya ya kai yau.

Wani zai ce kwatancen bai yi ba, tunda a Meksiko mata ne, a Hausa kuwa ɗinkin riga na maza ne. Gaskiya ne a da, amma rabin zance ne. 'Yan mata sun daɗe suna ƙawata zanin gado da rigar matashin kai na kayan ɗakinsu da zare mai launi, kuma a nan ne furanni da tsuntsaye ke fitowa, kusan irin na Meksikon. Daga baya kuma, da maza suka koma keken surfani da aikin albashi, matan kulle suka karɓi ɗinkin hula, a Zariya har da na babbar riga, abin da Elisha Renne ta rubuta a kai. Sai dai shi ma wannan aikin amfani ake yi da shi: zanin gadon amarya ya tsufa ya zama tsumma, hular kuma dillali ya ɗauka ya kai kasuwa ba a san hannun wa ta fito ba.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi: tunda ba suna ba shekara, yaya za a gane aikin New Bell daga na Kano ko na Garwa? A nan kam dole a sallama, an yi asara. Hular da ke Kasuwar Congo yau tana iya zama ta Borno, tana iya zama ta bayan Babban Masallacin New Bell, kuma zaren ba zai faɗa ba. Masu iya rarrabewa su ne tsofaffin teloli da matan da suka yi kayan ɗakinsu da hannunsu, tare da hotunan Sallah da na biki da ke jikin bangon gidaje, waɗanda sau da yawa mai hoto ya buga hatiminsa a bayansu.