Hasumiyar Yaƙi Ta Koma Masaukin Baƙi

Duk wanda ya bi gaɓar tekun gabashin ƙasar Ingila, a lardin Suffolk, ya wuce ɗan ƙaramin garin masunta da ake kira Aldeburgh da kamar mil guda, zai tarar da wani jibgegen gini na bulo tsaye shi kaɗai a kan tsakuwa, teku a gabansa, kogin Alde a bayansa. Ba shi da makwabci sai tsuntsayen ruwa. A yau mutane na biyan kuɗi masu kauri, su kama wuri tun da watanni, don kawai su kwana uku ko huɗu a cikinsa. Amma waɗanda suka gina shi, tsoro ne ya sa su aza tubalinsa.

Labarin ya faro ne daga tsibirin Kosika a shekarar 1794. Jiragen ruwan yaƙi biyu na Ingila, ɗaya mai igwa 74, ɗayan mai 32, suka far wa wata 'yar kewayayyiyar hasumiya a wani wuri mai suna Mortella, wadda sojojin Faransa da ke cikinta ba su kai arba'in ba. Abin mamaki, jiragen ne suka ja da baya da rauni. Sai da aka sauke mayaƙa aka ɓullo mata ta tudu, sa'an nan ta faɗi. Turawan Ingila ba su manta da wannan kunya ba. Sunan ma a bakinsu ya karkace, Mortella ta koma Martello.

To, da Napoliyon ya tara rundunarsa a Boulogne daga 1803 zuwa 1805 da niyyar ƙetarowa ya ci Ingila, sai hukuma ta tuna da hasumiyar nan. Aka shiga gina irinta a jere a bakin teku, 74 a gaɓar kudu, 29 a gaɓar gabas, jimla 103. Ta Aldeburgh ita ce ta ƙarshe daga arewa, an gina ta tsakanin 1808 da 1812, watau a shekarun da Alƙalawa ta faɗi aka kafa birnin Sakkwato a nan wajenmu. Ta fi 'yan uwanta girma, siffarta kuwa kamar an haɗa da'ira huɗu wuri guda, domin a girka igwa huɗu a kan rufinta. Bulon da ta ci ya kusa miliyan ɗaya.

Tsarin hasumiyoyin nan kusan ɗaya ne. Bangon da ke fuskantar teku ya fi na baya kauri. Ƙofa ba a ƙasa take ba, tana can sama, sai da tsani ko gada ake isa gare ta. A ƙasa ake ajiye albarushi da guzuri da ruwan sha, a tsakiya hafsa ɗaya da sojoji kamar ashirin da 'yan kai ke kwana, cikin sanyi da danshi da duhu.

Ga inda tarihi ya yi musu dariya: Napoliyon bai zo ba. Tun a 1805 aka ragargaza jiragensa a yaƙin Trafalgar, kafin ma a aza tubalin hasumiyar Aldeburgh, a 1815 kuma aka gama da shi a Watalu. Ko sau ɗaya ba a harba igwar waɗannan gine-gine a kan rundunarsa ba. Daga baya masu gadin gaɓa suka riƙa fakon 'yan fasa-ƙwauri daga wasunsu, wasu aka rushe aka kwashe bulon, wasu teku ta haɗiye.

Mu da muke riƙe da alƙalami muna da rabo a labarin. A irin wannan hasumiya ce, a Sandycove kusa da Dablin, James Joyce ya kwana shida a 1904, kuma a kan rufinta ya buɗe littafinsa Ulysses na 1922. Kwana shida kacal, jama'a! Wani sai ya shekara goma a gida bai lura da ko launin ƙyaurensa ba.

Abin da ya fi taɓa ni game da hasumiyar Aldeburgh shi ne, ba a daji aka gina ta ba. Akwai ƙauye a wurin mai suna Slaughden, da gidaje da matsayar jiragen ruwa da masu sassaƙa su. A wannan matsaya mawaƙi George Crabbe, wanda aka haifa a Aldeburgh a 1754, ya yi dakon kaya yana saurayi, mahaifinsa kuwa shi ke karɓar harajin gishiri. Teku ta yi ta zaizayar ƙauyen sannu a hankali, har zuwa shekarun 1930 ba gida ko ɗaya da ya saura. Abokin gaban da aka yi wa shiri bai ɓullo ba, wanda ke kwance a bakin ƙofa shi ya yi ɓarnar. Ita kanta hasumiyar ruwa ya cinye wani sashe na gwalalonta.

A 1971 ƙungiyar Landmark Trust, wadda John Smith ya kafa a 1965, ta karɓe ta tana kango. Dabarar ƙungiyar mai sauƙi ce: a gyara tsohon gini yadda yake, a ba masu hutu haya, kuɗin hayar ya riƙa kula da shi. Mutum huɗu take ɗauka. Wasu na ganin wannan ƙasƙanci ne ga gidan yaƙi. Ni dai na ga yadda ganuwa ke zama in ba mai amfani da ita, don haka ba na cikin masu wannan ƙorafi.

Mil biyu arewa da Aldeburgh akwai Thorpeness, ƙauyen da wani attajiri, Glencairn Stuart Ogilvie, ya tsara don hutu daga 1910, ya haƙa tafki, ya gina sababbin gidaje da kamannin na kaka da kakanni. Da aka buƙaci tankin ruwa a 1923, sai ya ga zai ɓata masa kyan gari. Aka lulluɓe tankin, mai cin galan 50,000, da katako da tagogi da jinka, ya zama kamar ɗan gida a rataye a sama, ƙafa 70 daga ƙasa, ana hango shi ta saman itatuwa. Suna ce masa gidan cikin gajimare. A wurina wannan kwalliya ce ta mai kuɗi, bai kama ƙafar hasumiyar ba. A 1979 aka yanyanka tankin aka fitar da shi, inda ruwa yake zama ya koma ɗakin wasa, kuma shi ma yanzu ba da shi haya ake yi.