Tarihin Uwar Dutse da Alaƙarsa da Ƙasar Jega

Gabatarwa

Galibi idan mu ɗalibai muka tashi rubuta tarihin Jega, mukan faro ne daga wajen 1820, lokacin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a bakin gulbin Zamfara. A wannan ɗan rubutu ina so in koma baya ainun, in yi bayanin wani dutse wanda ba a ganinsa a Jega ko Aliero ko Maiyama, amma kuwa yana da hannu a tarihinsu. Dutsen shi ne wanda masana ilmin ƙasa ke kira giranit, irin na Kwatarkwashi da na Kufena kusa da Zariya.

Yadda dutsen ya samu

Giranit narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa, zurfin kilomita 5 zuwa 30, ba tare da ya ɓullo waje kamar aman wuta ba. Saboda a hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi gwaɓi har ido na iya rarrabe su: ga farare masu kama da gilas, ga masu ruwan hoda, ga baƙaƙe masu ƙyalli. Idan faɗin abin da ya bayyana a sarari ya wuce murabba'in kilomita 100, masana kan kira shi batolit, ni kuwa zan kira shi uwar dutse.

To, yaya wannan ƙaton abu ya sami mazauni a cikin ƙasar da babu rami? Amsar farko ita ce, narkakken dutse bai kai duwatsun da ke kewaye da shi nauyi ba, don haka yakan taso kamar yadda man shanu ke tasowa in an kaɗa nono. Wani lokaci yakan bi tsaga, wani lokaci ya ture maƙwabtansa gefe, wani lokaci kuma ya riƙa ɓantaro rufin da ke bisansa, ɓaraguzan su nutse a ciki. Duk wanda ya duba falalen dutse da kyau yakan ga waɗansu baƙaƙen dunƙule a jikinsa kamar gudaji a tuwo. Ragowar ɓaraguzan nan ke nan. Bugu da ƙari, binciken zamanin nan ya nuna ba a tashi ɗaya ake gina uwar dutse ba. Zubi-zubi take taruwa cikin miliyoyin shekaru.

Yadda aka gano haka

A ƙarni na 18 an yi jayayya a Turai. Werner na Jamus da almajiransa sun ce a ƙarƙashin teku giranit ya kwanta. A 1785 James Hutton ya je kwarin Glen Tilt a Sikotilan, ya tarar da jijiyoyin giranit sun kutsa cikin waɗansu duwatsu, abin da ba zai yiwu ba sai in a narke ya shiga. A nan gida kuwa, J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan duwatsun Nijeriya ta Arewa, shi ya raba namu gida biyu. Akwai tsofaffi, akwai kuma ƙannensu irin na tsaunukan Jos, masu ɗauke da kuza. Tsofaffin sun samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sa'ad da tsohon doron ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da wanda ke gabas da shi. Karon ya ta da manyan tsaunuka, gindinsu ya narke. Iska da ruwan sama suka yi ta zaizayar tsaunukan har suka ƙare, saiwarsu ce muke gani yau.

Ina Jega ta shigo?

Ƙasar Jega tana cikin wani makeken kwari da ya miƙa daga Sakkwato har cikin Nijar da Mali. A nan tsohon dutsen ya nutsa, aka binne shi da yashi da yumɓu, har teku ma ta taɓa shafe wani yanki na kwarin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ita ta bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Shimfiɗar da ke bisa duka masana sun raɗa mata sunan Gwandu, kuma tana riƙe ruwa ƙwarai. Sai an nufi kudu maso gabas, wajen Zuru da Yawuri, sa'an nan tsohon dutsen ke sake leƙowa.

Wannan bambanci ya shafi zaman mutane. Inda dutse ya fito, ya zama mafaka. Tsofaffin mazaunin Zazzau, watau Turunku da Kufena, a gindin duwatsu suke, haka kuma tsaunukan Zuru sun taimaki mutanensu wajen kare kai daga mahaya dawaki. Inda aka binne shi kuwa, sai aka sami fili shimfiɗaɗɗe, mai sauƙin tafiya ga ayarin jakuna. Ba abin mamaki ba ne da kasuwar Jega ta bunƙasa a ƙarni na 19, ta zama zangon fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Gulbin Zamfara ma daga ƙasar duwatsu ya gangaro, don haka wani kaso na yashi da laka da yake zubarwa a fadamun Jega garin tsofaffin duwatsun nan ne.

Kammalawa

Abin da ya sa na ga dacewar jawo hankalinmu shi ne, yau ana fasa irin waɗannan duwatsu da nakiya don samun tsakuwar hanya da ta gini. Buƙatar gaskiya ce, ba na musu. Amma a kan waɗansunsu akwai kufai da turamen niƙa da alamun ganuwa waɗanda ba a rubuta labarinsu ba tukuna. Ya kamata ɗaliban tarihi da na ilmin ƙasa su haɗa kai, su zaga, su auna, su tambayi dattawa, su rubuta cikin Hausa tun kafin motar tsakuwa ta riga su isa.